Ƙofa Huɗu, Kwando Sha Huɗu

Ku samarin yanzu kuna ba ni mamaki wallahi. Mutum ya yi wata uku yana juya sitiyari a filin makaranta, sai ya zo ya tsaya a kaina da waya a hannu yana nuna mini hoton mota, wai, "Baba Buba, wannan fa? Dubi fitilunta." Fitila! A kan fitilar za ka ɗora kayan? Shekara talatin da wani abu na yi ina jan akori-kura tsakanin gonakin Watari da kasuwar gwari ta Kano, ban taɓa ganin ranar da fitila ta ciyar da gidan wani ba. To tunda kun matsa sai na faɗi wadda za ku saya, ku zauna. Ni ba zan zaɓar muku ba. Zan dai gaya muku yadda na taɓa zaɓa da kaina.

Aikin farko da maigidana Malam Tanko ya ba ni, ranar da aka kai ni wurinsa koyon mota, shi ne in loda kwandon tumatir. Na ce a raina wannan ai ko jaki ya iya. Na jera layin ƙasa, na shimfiɗa katako a kai, na ɗora layi na biyu. Yana tsaye yana kallo. Kafin mu kai Bichi jan ruwa yana bin bayan mota kamar an yanka rago a ciki. Nan ya tsaya gefen titi, ya sa na sauke komai ni kaɗai. Ashe katako ba a kan kwando yake zama ba, a kan ƙarfen bodi yake zama, ya bar tazarar yatsa huɗu tsakaninsa da tumatir. Wanda ya nuna sosai sama yake hawa, mai sauran ƙarfi a ƙasa. Igiya kuma ba ɗaure ta kawai ake yi ba, sai ka ja ta har ta yi ƙara idan ka buga. Shekara biyu na yi a wurinsa hannuna bai taɓa sitiyari ba, sai dai in zan goge shi.

Malam Tanko yana da wata 'yar igiya a aljihu, ya yi mata ƙulli-ƙulli, tsakanin kowane ƙulli da na gaba faɗin bakin kwando ɗaya ne. Duk motar da aka ce ya duba, ba ya buɗe gaba. Bayanta yake fara zuwa, ya miƙa igiyar tsawo da faɗi, ya ce, "Wannan ashirin za ta ci." Bai taɓa kuskure ba. Bayan nan sai ya durƙusa ya ƙirga ganyen sifirin, sannan ya saurari inji. Kujera kuwa ko kallonta ba ya yi. Ranar da ya yaye ni bai ba ni ko sisi ba, irin wannan igiyar ya ƙulla mini.

Abin da ba ku sani ba, tuƙi shi ne ƙaramin aiki a harkar nan. Babban aikin bakinka ne. Manomin tumatir ba ya ɗiba sai direba ya ce ɗebi. Idan na ce wa mutum, "Gobe ɗebi goma," da asuba shi da iyalinsa za su shiga gona su tsinko kwando goma cif, saboda na ce. Tumatir yana jikin uwarsa zai iya jiranka kwana ɗaya ko biyu. Da zarar an tsinke shi an danna a kwando, ya fara mutuwa ke nan. Sannan kasuwa tana da fuska biyu. Da safe masu lodin Kurmi, wato kudancin ƙasa, suna nan da manyan motocinsu, suna rububi, kuɗi a hannu. Kafin azahar sun cika sun tafi. Wanda ya iso da yamma sai masu tebur na cikin gari, su taya rabin kuɗin safe suna yatsine fuska, kuma dole ka sallama, don ba ka da inda za ka kai shi.

Shekarun da nake gaya muku, motar Alhaji Ɗanlami nake ja, babban manomi ne a ƙauyenmu. Tsohuwa ce mai ƙofa biyu, bodi dogo, tana cin kwando ashirin da huɗu, layi uku. Litinin da Alhamis ranakun ɗiba ne, sauran ranaku in kai hatsi da gyaɗa kasuwannin Makoda da Gezawa. Lodi kuma yana da tsari, ba yadda ka ga dama ba. Na mai mota ake fara ɗorawa, takwas. Sai na ƙannensa biyu, shida. Goman ƙarshe na Baba Modu ne, wanda gonarsa take can ƙarshen magudanar ruwa.

Baba Modu Babarbare ne. Kakansa ne ya zo daga Borno, shi a nan aka haife shi, amma har ya tsufa ba a daina ce masa Babarbare ba. Ni kuma Bafillace, kun san wasan da ke tsakaninmu. Ya girme ni da shekara ashirin, amma ina tsayar da mota zai ɗaga murya, "Ga bawana ya iso! Maza ɗauki kayan ubangijinka." In ce, "Baba Modu, yaushe Babarbare ya sami bawa? Ku da muka saya da ƙwaryar nono." A yi dariya, ya cire mini hula ya ce sai na fanshe ta da goro. Haka muke shekara goma sha ɗaya, ban taɓa barin kwandonsa ɗaya a ƙasa ba.

Sai aka shiga shekarar da ba na son tunawa. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya fito da kai ba ido. Kuɗin mudu yana hawa kowace kasuwa. Gidaje da yawa noman rani kaɗai suka sa wa ido, Baba Modu ma haka. Mutum goma sha uku yake ciyarwa, rumbunsa ba zai wuce wata biyu ba, duk lissafinsa tumatir ne zai sayo masa hatsin da za a kai wata damina. A daidai wannan lokacin, saura sati uku a fara ɗiba, tsohuwar motata ta buga inji a hawan wata gada. Makanikai uku suka taru a kanta, kowa ya girgiza kai. Alhaji ya ce ya gaji da gyara, sabuwa za a sayo. Ya sayar da shanu, ya sayar da gyaɗar da ya ajiye, muka kama hanyar Kano ni da shi.

Gidan sayar da motocin kuwa, ko takalminka kana jin kunyar takawa da shi. Akori-kura biyu ne a gabanmu, kamfani ɗaya, inji ɗaya. Ɗaya fara, ƙofa biyu, bodi dogo, ba wani ado. Ɗaya ruwan toka, ƙofa huɗu, kujerar baya mai laushi da ledarta, ga na'urar sanyi, ga rediyo. Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Buba, ga yadda abin yake. Idan farar ce, kuɗin nan zai saye ta, ya saya mana duro huɗu na mai mu ajiye a gida, don na ji ana cewa mai zai yi wuya, har da safaya biyu. Idan mai ƙofa huɗun ce, ko na goro ba zai rage ba. Kai ne za ka ja ta. Kai ka zaɓa."

Mai sayarwa, wani mai baƙar kwat, ya ce in shiga in ji. Na shiga, ya rufe ƙofa, ya kunna sanyin. Jama'a! Ku da kuka tashi da fanka ba za ku gane ba. Shekara goma sha bakwai ina zaune a kan inji yana gasa mini ƙafa, gashin ƙwaurina duk ya ƙone, kujerata buhu ne na naɗe na ɗora a kan wayoyinta da suka fito. Ga sanyi yana shiga mini ta wuyan riga. Igiyar Malam Tanko tana aljihuna na dama, ina jin ƙullinta a cinyata. Wallahi ban ciro ta ba. Ba mantawa na yi ba, kada wani ya yi mini uzuri. Na san abin da za ta gaya mini, shi ya sa na bar ta a inda take.

Na fito na ce, "Alhaji, wannan kujerar ta baya ai kuɗi ce. Fasinja huɗu kowane sawu, zuwa da dawowa. Kafin shekara ta biya bambancin."

Ya ce, "Kana ganin haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga kuma ɗaurin aure, ga gaisuwar rasuwa. Mutum kamarka ya riƙa matsewa a gaba da direba?"

Fuskarsa ta washe nan take. Ashe shi ma tun da muka shigo ita yake kallo. Shi yana so, ni ina so, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara buɗe baki. Ni ne sakaran da ya fara. Shi manomi ne, ba a kama shi da laifi ba. Ni aka ɗauko daga ƙauye musamman don in duba mota, kuma gabanta kaɗai na duba.

Lodin farko a gonar Alhaji, ranar wata Litinin, rabin ƙauye ya fito kallo. Mata suna leƙe ta katanga, ana ta sa albarka. Na jera layin ƙasa, na ga huɗu da ɗan wurin da na biyar zai shiga da ƙyar. Na sauke na sake jerawa. Na karkata su, na matse su. Layi uku, kwando goma sha huɗu, ko ɗaya ba ƙari. Na Alhaji takwas, na ƙannensa shida, ta cika. Wurin da goman Baba Modu za su zauna, shi ne aka datse aka yi kujera da shi. Na taka har ƙarshen magudana na same shi zaune da kwandunansa a jere. Ya ce, "Bawana ya yi amarya, an ce har da sanyi." Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa azahar, sawu biyu zan yi." Ya ce ba komai.

Da komai mana! Sawu na biyu sawun yamma ne. Ranar rabin kuɗi ya samu, Alhamis ma haka, sati na gaba ma haka. Kada ku ce me ya sa ban fara da shi ba ko sau ɗaya. Na gwada. Ƙanin Alhaji ya tsaya a gaban mota ya ce a motar gidansu ba za a bar kayansa a rana a ɗauki na bare ba. Wata mota kuwa babu, kowace tana da mutanenta da ta saba da su, a irin wannan shekarar ba mai ba ka wurin kwando ko ɗaya.

Na yi dabaru iri-iri. Na sauke murfin baya na ɗaure shi da sarƙa, na ƙara biyu a kai. Nauyi ya koma bayan taya, gaba ya yi sakayau, sitiyari yana yawo a hannuna kamar ludayi a cikin kunu. Na gwada layi huɗu, a kwanar wani kwalbati taya biyu suka ɗaga sama, na yi salati har sau uku kafin ta dawo ƙasa. Daga ranar ban ƙara ba. Fasinjan da na yi wa Alhaji alkawari fa? Sun zo kam, kullum kujerar cike take. Surukar Alhaji za ta asibiti, gwaggonsa za ta barka, limamin unguwa zai je duba ɗansa. Wa zai miƙa hannu ya karɓi kuɗin mota a wurin surukar mai mota? Na ce to a bar ni in sa kwando a kan kujerar, Alhaji ya ce in na kuskura ruwan tumatir ya taɓa ta, in ajiye masa makulli. Ko ledar bai bari an cire ba. Sanyin kuwa da aka yi duk wannan dominsa, sati ɗaya na kunna shi. Da na ga yadda yake zuƙe mai, na kashe, na koma sauke gilashi kamar kowa.

Sai maganar Alhaji ta tabbata, mai ya ɓace. Gidajen mai suka ɗaure igiya a ƙofa. Inda aka ji an kawo tanka, layi ya kai inda ido ba ya gani. 'Yan bumburutu suna sayar da galan ɗaya kuɗin kwando guda na safe. Ni kuma ga sawu biyu a wuya, aikin da farar motar za ta yi da mai rabi. Duro huɗun nan da ba mu saya ba, kullum sai na gan su a ido.

Ɗibar da ta kashe mu ta tsakiyar kakar tumatir ce, lokacin da yake fitowa manya-manya, wanda manomi yake jira duk shekara. Ran Lahadi Baba Modu ya tare ni ya ce, "Buba, ka gaya mini gaskiya. In ɗiba ko in bari?" Ba bawana a ciki, sunana ya kira. Na duba allurar mai, tana ƙasa da kwata. Direban kirki zai ce, "Bari sai na ga mai a tanki." Amma kunya ta hana ni, ga shi an ce mini wani gidan mai a hanyar Kano zai sayar da safe. Na ce, "Ɗebi, Baba. Kafin azahar ina nan." Ya ce har da na 'ya'yansa mata zai haɗa, goma sha biyu. Na ce ya haɗa.

Na sauke na gidan Alhaji da safe, aka sayar da daraja. Na shiga layin mai da hantsi. Saura mota tara a kai kaina aka ce ya ƙare, sai gobe. Allura ta kwanta, ba zan iya fita in nemi wani wuri ba, in na fita kuma wurina ya tafi. Kuɗin da ke jikina ba zai sayi na bumburutun da zai kai ni gida ya dawo da ni ba. Lokacin ba wannan wayar da kuke dangwala, ba yadda zan aika a ce masa ya nemi mafita. Talata ta wuce a layi. Sai Laraba bayan azahar aka ba ni rabin tanki. Ban tsaya ko cin abinci ba.

Tun kafin in kai gonar wari ya tare ni. Kwandunan suna ƙarƙashin mangwaro, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ƙuda ya yi baƙi a kai, ƙasan wurin ta zama jan taɓo. Matansa sun yi ƙoƙari, sun yanyanka wanda ya yanku sun baza a tabarma don a yi kauɗa, amma wanda ya fashe ba ya bushewa, ruɓewa yake yi. Duka bai fi na kwando biyu suka tsira da shi ba. Baba Modu yana tsugune yana juye sauran a rami. Na yi sallama, ya amsa. Na fara bayani, layi kaza, tanka kaza, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Na sani, Buba. Ba kai ka ɓoye man ba."

Na ce, "Baba, ɗiba ta gaba, wallahi ko Alhaji zai kore ni..."

Ya ce, "Ta gaba ƙananu ne. Na riga na ce wa babban ɗana ya kai san huɗa kasuwar Bichi. Hatsin gidan ya ƙare tun shekaranjiya."

Sa ɗaya gare shi. Manomin da ya sayar da san huɗarsa, da fartanya zai shiga damina, shi kuma ya haura sittin. Raina ya ɓaci, ban san wanda zan huce a kansa ba, don duk inda na juya ni nake gani. Na buɗe akwatin kayan aiki, na ɗauko sifana, na buɗe ƙofar baya na durƙusa. Ƙusa huɗu ne kawai suke riƙe da kujerar. Ƙusa huɗu! Ko minti goma ban yi ba na fito da ita na jefar a ƙasa. Na ce a raina in Alhaji ya ga dama ya karɓi makullinsa yau. Da na koma na gaya masa dalili, bai karɓa ba. Kwando huɗu ne suke shiga wurin, ta koma goma sha takwas. Shekara tara na ƙara ina jan ta a haka, ba ta taɓa cin ashirin da huɗu ba.

Baba Modu ya wanke hannu a magudana, ya zo ya tsaya a kan kujerar yana kallo. Ya ce, "Wannan ce?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya ce, "To bawana, ɗauko mini ita. Na ƙwace."

Kun san dokar wasan. Abokin wasanka in ya ɗauki abinka, ba ka da ikon fushi, ba ka da ikon hanawa, sai dai ka fansa. Bai faɗi abin fansa ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗora ta a ka, na kai ta gindin mangwaron, na ajiye kusa da kwandunan da ya juye. Ya tattara rigarsa ya zauna a hankali, leda tana ƙara a ƙarƙashinsa. Ya jingina, ya miƙe ƙafafunsa da suka yi ja har idon sawu, ya danna kujerar da hannu sau biyu.

Ya ce, "Kai, Buba, da gaskiyarka. Akwai laushi."

Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.